Jama'ar Allah a koyarwar Kirista

Jama'ar Allah suna ne da Kiristoci suke kiran kansu da shi idan suna maganar dukansu a matsayin al'umma guda. Koyarwar da ke bayan sunan ita ce Allah ya kira mutane su shiga alkawari da shi tare, su zama nasa, kuma kowannensu ya ɗauki haƙƙin ɗan'uwansa. A wannan fahimta, wanda ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu ya sami Ubangiji, ya kuma sami dangi a lokaci ɗaya, kuma ba a raba masa biyun. Katolika da Otodoks da Furotesta duk sun yarda da tushen maganar. Inda suka sha bamban shi ne wa ke cikin jama'ar, yadda ake shigarta, da wanda zai jagorance ta.

Kalmomin da ake amfani da su

A Ibrananci, harshen da aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari da shi, am na nufin jama'a, qahal kuma taron da aka kira ya hallara. Da Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara fassara littattafansu zuwa Girkanci a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, sai suka riƙa sa laos a madadin ta farko, ekklesia kuma sau da yawa a madadin ta biyu. Ekklesia ba kalmar addini ba ce tun asali. Sunan majalisar 'yan gari ne a biranen Girkawa, inda 'ya'yan gari ke haɗuwa su yanke shawara. Har a Ayyukan Manzanni sura 19 an kira taron masu tarzoma a Afisa da wannan kalma. Ta zo fiye da sau 100 a Sabon Alkawari, amma a cikin Bishara huɗu Matiyu ne kaɗai ya kawo ta, a sura 16 da sura 18.

Daga ita Hausa ta sami ikilisiya, wadda ake kuma rubutawa ikkilisiya ko ekklesiya. Masu sujada da Hausa sukan bambanta ikilisiya da majami'a: majami'a gini ce, ikilisiya mutane ne. A maganar yau da kullum kalmar coci ta haɗe su biyun, kuma an yi hasara a nan, domin bambancin shi ne zuciyar koyarwar. Akwai kalma ta uku ta Girkanci, koinonia, wadda ake fassarawa da zumunci, zumunta ko tarayya. Fassarar ta dace ƙwarai. Bahaushe ya riga ya san zumunci a ƙafa yake, wato abu ne da ake tashi a je a yi, kuma haka marubutan Sabon Alkawari suka ɗauki koinonia: cin abinci tare, tara kuɗi don mabukata, ziyarar wanda ke kurkuku.

Tushe a Tsohon Alkawari

Labarin ya fara da kiran Ibrahim a Farawa sura 12, inda aka yi masa alkawarin zuriya mai yawa da kuma cewa ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka. Amma inda Isra'ila ta zama jama'a sosai shi ne a gindin dutsen Sinai, bayan fitowa daga Masar. A Fitowa 19:5-6 Allah ya ce idan suka kiyaye alkawarinsa za su zama abin mallakarsa na musamman, mulkin firistoci, al'umma tsattsarka. Akwai jimla ɗaya da take ta dawowa daga wannan littafi zuwa wancan, cewa shi zai zama Allahnsu, su kuma su zama jama'arsa. Tana cikin Fitowa 6:7, Littafin Firistoci 26:12, Irmiya 31:33, Ezekiyel 36:28, har ta sake fitowa a Wahayin Yahaya 21:3, kusa da ƙarshen Littafi Mai Tsarki.

Abu biyu ne suka hana wannan zaɓe zama abin taƙama. Na farko, Maimaitawar Shari'a 7:7 ta ce ba don yawansu aka zaɓe su ba, domin su ne mafi ƙanƙanta cikin al'ummai. Na biyu, shari'ar da aka ba su cike take da haƙƙin maƙwabci: a bar gefen gona ba a girbe ba domin matalauci da baƙo su yi kala, a biya ɗan ƙodago ladansa kafin rana ta faɗi, a yafe bashi duk shekara ta bakwai. Annabawa sun yi ta auna jama'ar da wannan mudu. Annabi Yusha'u ya raɗa wa ɗansa suna Lo-ammi, ma'ana ba jama'ata ba, don nuna cewa alkawarin ya tsinke, sa'an nan ya yi albishir cewa wata rana za a sake kiran waɗanda ba jama'a ba da sunan jama'a. Bayan da Babila ta rushe Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, jama'ar ta koyi zama ba sarki, ba Haikali, ba ƙasa, sai Kalma da addu'a da juna. Wannan darasi ya yi wa Kiristocin farko amfani matuƙa.

A Sabon Alkawari

Yesu ya zaɓi manzanni 12, adadin kabilan Isra'ila, kuma masu karatu tun da daɗewa sun ga alama a nan ta sake tattara jama'a. Mabiyansa na farko duk Yahudawa ne, ba su ɗauki kansu masu sabon addini ba. Tambayar da ta girgiza su ita ce ta al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba: sai sun yi kaciya sun bi dokokin abinci kafin a lasafta su cikin jama'ar Allah? A Antakiya, inda aka fara kiran almajirai Kirista bisa ga Ayyukan Manzanni 11:26, maganar ta kai ga wa zai ci da wa a akushi ɗaya. Manzo Bulus ya ba da labari a wasiƙarsa ga Galatiyawa cewa ya tsauta wa manzo Bitrus a gaban jama'a domin ya janye daga cin abinci da al'ummai. Taron Urushalima na Ayyukan Manzanni sura 15 ya yanke cewa ba za a ɗora musu kaciya ba. Baftisma ta zama ƙofar shiga, kuma Galatiyawa 3:28 ta ce a cikin Almasihu babu Bayahude ko Baheleni (wato Bagirke), bawa ko ɗa, namiji ko mace.

Ayar da aka fi jingina wannan koyarwa da ita tana 1 Bitrus 2:9-10. An rubuta wasiƙar ga masu bi da ke warwatse a lardunan da yau suke cikin Turkiyya, mutane marasa ƙarfi a garuruwansu, kuma marubucin ya ɗauko laƙabobin Sinai ya ɗora musu: zaɓaɓɓiyar zuriya, firistoci na gidan sarauta, al'umma tsattsarka. Ya kuma ɗauko maganar Yusha'u, cewa dā su ba jama'a ba ne, yanzu kuwa jama'ar Allah ne. Wasiƙar guda ce ta kira su baƙi da masu wucewa. Ɗaukakar da baƙuncin tare suke tafiya, kuma duk lokacin da ikilisiya ta riƙe ɗaya ta saki ɗaya, tarihi ya nuna ba ta ƙarewa da kyau.

Akwai wasu misalai da suke tafiya da wannan. Bulus ya kira ikilisiya jiki mai gaɓoɓi da yawa a 1 Korintiyawa 12, inda ido ba zai ce wa hannu ba ya bukatarsa ba. An kira ta iyalin gidan Allah, haikali na rayayyun duwatsu, garke mai makiyayi ɗaya.

Yadda zaman ya kasance a aikace an zana shi a Ayyukan Manzanni 2:42-47. Bayan Fentikos, ranar da littafin ya ce Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajirai, inda aka ce mutum wajen 3,000 suka karɓi baftisma, masu bi sun lazimci koyarwar manzanni, da zumunci, da gutsuttsura gurasa, da addu'a, wasu har suna sayar da kadarorinsu a raba wa mabukata. Littafin bai ɓoye inda abin ya yi tsami ba. A sura 6 masu jin Girkanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci, sai aka zaɓi mutum bakwai su kula da aikin, kuma ikilisiyoyi da yawa suna ganin mafarin aikin dikon, wato mai hidimar ikilisiya, ke nan. A Koranti masu hali sukan riga su cinye su ƙoshi kafin talakawa su iso, Bulus ya ce wannan ba Jibin Ubangiji ba ne, wato cin gurasa da shan ruwan inabi tare don tunawa da Yesu. Shi kansa ya shafe shekaru yana tara gudummawa daga ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima. Matiyu 18:15-17 kuma ta shimfiɗa hanyar gyara ɗan'uwa da ya yi laifi: a same shi shi kaɗai, in ya ƙi a koma da shaida ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ikilisiya.

Ƙarnukan farko

Kusan shekara 200 Kiristoci a gidajen mutane suke taruwa, kamar gidan Akila da Bilkisu da Bulus ya ambata. Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren sujada da masu tono suka gano, a Dura-Yurofos ta ƙasar Siriya, gidan zama ne da aka gyara wajen shekara ta 240. Jastin, wanda aka kashe a Rum saboda bangaskiyarsa, ya bayyana wajen shekara ta 150 yadda ake taron Lahadi: karatu, wa'azi, addu'a, gurasa da ruwan inabi, sa'an nan baiko wanda shugaban taro ke kula da marayu da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙi da shi. A shekara ta 251 Bishop Korneliyus na Rum ya rubuta cewa ikilisiyarsa tana ciyar da gwauraye da mabukata fiye da 1,500. Shaida mafi ƙarfi ta fito ne daga bakin abokin gāba. Sarki Juliyan, wanda ya so maido da bautar gumakan Rum, ya koka a shekara ta 362 cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na sauran mutane.

Bayan da Sarki Kwastantin ya halatta addinin a 313, Tiyodosiyus kuma ya mai da shi addinin daula a 380, sai iyakar jama'ar Allah ta fara zama ɗaya da iyakar ƙasa. Kowa aka haifa an yi masa baftisma. Waɗanda suke ƙishin zaman tarayya irin na farko suka nufi gidajen zuhudu, irin waɗanda Fakomiyus ya kafa a Masar ta kudu wajen 320, da na Benedik a Italiya a ƙarni na 6. Kalmar laos kuwa, wadda dā ta haɗa kowa da kowa, ta ƙanƙance a harsunan Turai har ta koma nufin waɗanda ba limamai ba.

Gyaran ikilisiya da ƙananan ƙungiyoyi

A rubuce-rubucensa na 1520 Martin Luta ya koma ga 1 Bitrus 2:9, ya ce duk wanda aka yi wa baftisma firist ne a gaban Allah, bambancin fasto da manomi na aiki ne kawai. Wasu suka ga bai kai ƙarshen maganar ba. A Janairun 1525, a birnin Zurik na Suwizalan, wata 'yar ƙungiya ta fara yi wa manya baftisma bisa furcin bakinsu, suna cewa ikilisiya ta waɗanda suka zaɓi bi ce, kuma kada hukuma ta sa mata hannu. An tsananta musu ƙwarai, daga ɓangaren Katolika da na Furotesta. Daga cikinsu Menonayit da Hutarayit suka fito, na biyun har yau dukiyarsu a haɗe take. A 1708 mutum takwas suka yi baftisma a kogin Eda, a ƙauyen Shuwazenau na Jamus, ƙarƙashin jagorancin Alekzanda Mak, suka kira juna 'yan'uwa kawai. Jon Wesli kuma, daga 1742 a Biristol ta Ingila, ya rarraba mabiyansa rukuni-rukuni na wajen mutum 12, suna haɗuwa duk mako, kowa ya faɗi halin da ruhunsa ke ciki, ya ba da kwabo ɗaya.

A ɓangaren Katolika, babban sauyin ya zo a Majalisar Batikan ta Biyu, daga 1962 zuwa 1965. Takardar Lumen Gentium, wadda aka zartar ranar 21 ga Nuwamba 1964, ta sa babin jama'ar Allah a gaban babin bishop-bishop da limamai. Jerin da gangan aka yi shi: kafin wani ya zama Paparoma ko fada, wato limamin Katolika, shi mai baftisma ne kamar kowa. Daga nan ƙananan tarukan masu bi na unguwa suka yaɗu a Latin Amurka, musamman bayan taron bishop-bishop na Medelin a 1968, da kuma Afirka ta Gabas daga 1973. Taron bishop-bishop na Afirka na 1994 ya zaɓi misalin ikilisiya a matsayin iyalin Allah, Paparoma Jon Pol na Biyu kuma ya sa hannu a takardar sakamakon taron a Yawunde ta Kamaru a Satumban 1995.

Inda koyarwar ta karkace

Sunan jama'ar Allah yana da kaifi biyu. Ƙarnuka da dama an koyar a Turai cewa Allah ya yar da Yahudawa ya maye gurbinsu da ikilisiya, kuma wannan ya ba ƙiyayya da kisa mafaka, alhali Bulus a Romawa 9 zuwa 11 ya kwatanta al'ummai da reshen da aka ɗaura a jikin itacen zaitun, ya gargaɗe su kada su yi wa saiwa fahariya. Majalisar Batikan ta yi watsi da waccan koyarwa a 1965, ikilisiyoyin Furotesta da yawa ma sun yi haka. A Afirka ta Kudu wasu masu wa'azi sun ɗauki Turawan Afirkana a matsayin zaɓaɓɓiyar al'umma don kare wariyar launin fata, har sai da wata ikilisiya ta waɗanda wariyar ta shafa ta amsa da furcin bangaskiya na Belha, wanda ta karɓa a 1986, tana cewa raba masu bi bisa launi zunubi ne. A Ruwanda a 1994 an kashe dubban mutane a cikin majami'u kamar na Nyamata da Ntarama, kuma masu kisan da waɗanda aka kashe da yawansu masu baftisma ne. Duk wanda ke koyar da wannan batu ya wajaba ya faɗi waɗannan, domin suna nuna abin da ke faruwa idan jinin kabila ya fi ruwan baftisma nauyi.

A ikilisiyoyi masu sujada da Hausa

Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ya fara yunƙurin shiga arewacin Najeriya a 1893, na SUM (Sudan United Mission) ya sauka Wase a 1904, Dokta Walta Mila na ikilisiyar Angilika ya zauna Zariya daga 1905 kafin aikin ya koma Wusasa a 1929. A Nijar SIM ta isa Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Akwai Hausawa Kiristoci a ƙasar Zazzau, Kano, Katsina da Maraɗi, amma mafi yawan masu sujada da Hausa 'yan wasu kabilu ne: Birom, Angas, Tarok, Bajju, Atyap, Tangale, Bura, Margi, Bacama da sauransu masu yawa. Mutanen da dā ba sa jin harshen juna, wasu ma da tarihin faɗa a tsakaninsu, suka sami kansu suna rera waƙa ɗaya daga littafi ɗaya. Ga su, maganar waɗanda dā ba jama'a ba yanzu sun zama jama'a abu ne da suka gani da ido.

Sunayen ikilisiyoyin ma sun ɗauki kalmomin. ECWA, ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954. A 1955 ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SUM da abokansa suka haɗu a Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda daga baya ta zama TEKAN da aka sa Nijeriya a madadin Sudan. Magadan mutum takwas ɗin nan na kogin Eda kuwa, wato Ikilisiyar 'Yan'uwa ta Amurka, sun iso Garkiɗa, inda Stoba Kulp da Albat Helsa suka yi sujada ta farko a gindin tsamiya ranar 17 ga Maris 1923. Daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, ta tsiro, kuma yau ta fi uwarta ta Amurka yawan mutane nesa ba kusa ba. Ta riƙe al'adar wanke wa juna ƙafa a lokacin Jibin Ubangiji, da koyarwar ƙin ɗaukar makami.

A zaman yau da kullum, ƙashin bayan wannan tarayya Zumuntar Mata ce. Su ne masu zane iri ɗaya, masu waƙa da tulu da caki da kuge, kuma su ne kan gaba wajen zuwa gidan haihuwa da gidan makoki da gadon asibiti, da ƙwaryar hatsi ko ɗan abin da aka tara. Akwai zumuntar matasa, makarantar Lahadi, addu'ar asuba, addu'ar gida-gida a unguwa. A ƙauyuka akan yi gayya a gonar gwauruwa ko ta mai bishara, bayan kaka kuma a kawo dawa da masara da kaji majami'a ranar godiya. Dattawan ikilisiya suna sasanta ma'aurata da masu rikicin gona kafin magana ta kai kotu. Wanda ya yi babban laifi akan sa shi a horo, a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji har ya tuba a maido shi a gaban jama'a. A nan akwai ƙorafi mai tushe: sau da yawa horon ya fi faɗawa kan yarinyar da cikinta ya bayyana fiye da namijin, ko kan talaka fiye da mai ba da baiko mai tsoka. Haka kuma zaɓen shugabanni yakan bi layin kabila a wasu wurare, a cikin ikilisiyoyin da asalinsu haɗa kabilu ne.

Gwaji mafi tsanani a wannan zamani ya faɗa wa EYN. Mafi yawan 'yan matan makarantar Chibok 276 da Boko Haram ta sace a Afrilun 2014 'ya'yan wannan ikilisiya ne. A ƙarshen Oktoban shekarar mayaƙan suka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci, mutanenta kuma suka warwatsu zuwa Yola, Jos, kewayen Abuja da sansanin Minawao a Kamaru. An ƙona majami'u masu yawa a kudancin Borno da arewacin Adamawa. A inda suka sauka, iyalai sun buɗe ɗakunansu ga waɗanda ba su taɓa sani ba, 'yan gudun hijira suka riƙa taruwa ranar Lahadi a ƙarƙashin itace ko rumfar kwano, wasu daga cikin tarukan nan har suka zama sababbin ikilisiyoyi. Kayan agajin da ikilisiyar ta raba ya kai ga maƙwabta Musulmi waɗanda su ma mayaƙan suka kora daga gidajensu. Da hankali ya ɗan kwanta shugabannin suka koma Kwarhi, kuma a garuruwan da aka dawo, sau da yawa an fara sujada a cikin kangon majami'a tun ba a sami kuɗin yin rufi ba.